Neman kakana da ruwa ya ci a yaƙin Hitila: abin da na samu a hannun mai binciken takardu

Innarmu ba ta san fuskar mahaifinta ba. Tana goye ya bar Zangon Agege ya tafi Apapa ya hau jirgin ruwa, daga nan babu shi babu labarinsa. Abin da muka taso muna ji shi ne "ruwa ya ci shi a yaƙin Hitila". Ba rana, ba wata, ba sunan jirgi. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ta yi zaman jira na shekara huɗu kamar yadda malamai suka yanke mata bisa hukuncin matar wanda ya ɓata a mazhabar Malikiyya, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, daga baya ta sake aure. Har ta koma ga Allah ba ta san yadda aka yi ba. Bara da Inna ta tashi daga wata doguwar jinya, muna zaune bayan isha'i sai ta ce da ni: "Ɗan nan, ku da kuke latse-latsen waya, ba a iya gano min ranar da ubana ya rasu?" Wannan tambaya ce ta ci min wata bakwai da kuɗin da ba kaɗan ba, kuma a kanta nake wannan sharhi, don na san ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan giɓi ba.

Na fara da wani babban shafin intanet na binciken asalin dangi, irin wanda ake biya duk wata. A gaskiya ga irinmu asara ce. An gina shi ne a kan takardun haihuwa, na aure da na ƙidayar mutanen Turai da Amurka, mu kuwa kakana an raɗa masa suna ne a zaure aka raba goro, ba wanda ya rubuta. Na saka sunansa ta kowace fuska, abin da ke fitowa mutanen da ko kusa ba su haɗa hanya da shi ba. Abin da ya fi ɓata min rai, bayan kwanakin gwaji suka ci gaba da cirar kuɗi a kati har wata biyu kafin na lura, kuma sai da na sha wuya kafin na gano inda ake soke rajistar. Wanda danginsa suka zauna a Ingila ƙila ya amfana. Ɗan Agege da kakansa ya zo Ikko da fataucin goro, ya riƙe kuɗinsa.

Inda na fara ganin haske kyauta ne: shafin Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Kwamanwel, cwgc.org. An kafa hukumar a 1917, kuma tana riƙe da sunayen mutum kusan miliyan 1.7 da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Ita ce ke kula da sashen kaburburan sojoji a maƙabartar Yaba nan Legas. A shafinta na fahimci cewa ma'aikatan jiragen kasuwanci na Birtaniya waɗanda ba su da kabari sai teku, an zana sunayensu a allunan tagulla a Tower Hill da ke Landan, kimanin 24,000 na yaƙi na biyu kaɗai, kuma an jera su ne jirgi-jirgi. Wannan ya nuna min kuskurena tun farko. Ni suna nake bi, su kuwa takardun jirgi suke bi.

Bari in tsaya a kan maganar suna, domin nan ne yawancinmu za su faɗi. Akawun Turawa yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Garba ya zama Garuba, Mamman ya zama Momo, Audu da Abdu da Abudu duk mutum ɗaya ne, Usman ya koma Osumanu. Sannan mutanenmu ba su da sunan dangi irin na Bature, don haka sai a liƙa wa mutum sunan garinsu. Ka rubuta Kano ko Sokoto ko Bauchi ko Zaria a gurbin sunan dangi a wancan shafi ka ga yadda sunayen sojojinmu za su zubo. Daren da na yi haka ban yi barci da wuri ba. Mutane ne jere, kowanne da uwarsa da ta jira shi. Hukumar da kanta ta fitar da rahoto a Afrilun 2021 inda ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Saboda haka wanda ya nema bai samu ba, kada ya ce tsofaffinsa ƙarya suka yi masa.

Wani abokina mai son tarihi ya ce lalle Abosso ne. Jirgin fasinja ne na kamfanin Elder Dempster, kamfanin da ya riƙe zirga-zirgar teku tsakanin Liverpool da gaɓar Afirka ta Yamma, kuma ya ɗebi ma'aikata da yawa a Legas lokacin yaƙin. Jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-575 ya harbe shi ranar 29 ga Oktoban 1942 a tekun Atlantika, yana kan hanya daga Cape Town zuwa Liverpool, mutum 362 suka halaka, 31 kaɗai suka tsira. Shekarar ta yi daidai da lissafin Inna, na ɗauka an gama. Na bi jerin ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya sau uku, babu wanda ya yi kama da kakana. Mako biyu na ɓata a nan saboda zuciyata ta riga ta so ya zama shi ne.

Mabuɗin ashe yana cikin gida. A ƙasan akwatin ƙarfen Iya, cikin wani tsohon ƙyalle tare da layu, akwai wata takarda da kowa ya ɗauka addu'a ce saboda da ajami aka rubuta ta. Na kai wa wani dattijon malami a unguwarmu, ya sa tabarau ya yi ta juya ta, sai ya ce: "Alhaji, wannan ai wasiƙa ce." Kakana ne ya sa aka rubuta masa daga Saliyo, yana gaida iyalinsa, yana cewa a karɓi kuɗi a wurin wane, kuma ya ambaci jirgin da yake aiki a ciki. Sunan Turanci ne da baƙaƙen Larabci, yadda bakin Bahaushe ya furta shi. Malam ya karanta min da ƙarfi sau da yawa ina rubuta duk yadda zai iya zama da boko. Na ɗauki waɗannan na shiga uboat.net, wani shafin kyauta da ya jera jiragen da Jamusawa suka nutsar da rana da wuri, na yi ta gwadawa har na dace da wani jirgin kaya mai aiki da kwal wanda aka nutsar a ƙarshen Nuwamban 1942. 'Yan'uwan Inna sun roƙi kada in bayyana sunan jirgin da na kakanmu a fili, na kuma amsa musu.

Daga nan ne na nemi mai bincike, wanda shi ne ainihin abin da na biya. Takardun ma'aikatan jiragen kasuwanci na shekarun yaƙin suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Birtaniya da ke Kew, kuma da yawansu ba a ɗora su a intanet ba, sai mutum ya je da ƙafarsa ya nemi a fito masa da su ya ɗauki hoto. Akwai masu zaman kansu da wannan ce sana'arsu. Na rubuta wa uku, biyu suka amsa, na zaɓi wanda ya fara yi min tambayoyi kafin ya faɗi farashi. Ya nemi sunan jirgi, shekara, da duk yadda za a iya rubuta sunan mamacin. Ya bayyana min cewa jerin ma'aikata ana ajiye shi ne da lambar rajistar jirgi, kuma littafin da ke cikin jirgin ya nutse tare da shi, abin da ya rage shi ne kwafin da aka bari a tudu da jerin da masu jirgin suka miƙa bayan hatsarin. Ya kuma faɗa min ƙarara cewa kuɗin lokacinsa zan biya, ko ya samu ko bai samu ba. Wannan gaskiyar ta sa na amince da shi. Fam 120 na biya na aikin awa uku da hotuna, kuma da yake katina na naira ya ƙi wucewa, sai wani ɗan'uwa da ke karatu a can ya biya na tura masa a nan.

Bayan mako uku saƙo ya iso cewa bai ga sunan ba. Ya turo hotunan shafukan duk da haka, kuma wannan ne ya cece mu. Na buɗe su a kwamfutar shago na ƙara girma, ina bin layi-layi, sai ga shi can ƙasa cikin masu zuba kwal a tukunyar inji: sunansa na yanka a karkace, sunan garinsu na asali a matsayin sunan dangi, wurin haihuwa an sa Legas, shekaru 27. A gurbin sa hannu babu rubutu sai alamar da wanda bai iya boko ba yake yi. Mai binciken ya wuce ta kansa ne don bai san cewa wannan da sunan da na ba shi abu ɗaya ne ba. Wannan shi ne babban rauninsa, kuma ina jin raunin duk wani irinsa ne: ya san takardu kamar yunwar cikinsa, amma kunnensa bai san sunayenmu ba. Duk wanda zai yi wannan aiki, ya sa sharaɗi tun farko cewa a turo masa hoton kowane shafi, ya duba da idonsa.

Da na nuna masa layin, bai yi gardama ba. Ya ba da haƙuri, ya koma ba tare da ƙarin kuɗi ba ya samo shigarwar mutuwar a rajistar waɗanda suka rasu a teku, sannan a kan hanyarsa ya biya Tower Hill ya ɗauko min hoton allon jirgin. Wannan karamci ban biya shi ba, kuma ba zan manta ba. Abin da zan ƙara kuka da shi kaɗan ne: yana jinkirin amsa saƙo, wani lokaci kwana biyar, kuma rahotonsa cike yake da gajerun kalmomin ma'aikatan jirgi da bai fassara ba sai da na tambaya ɗaya-ɗaya. Duk da haka, in za a sake, shi zan sake nema.

Shawarata ga mai niyya, kada ya biya kowa sisi sai ya san jirgi. Ya fara da tsofaffin gida tun suna raye, ya zazzage akwatuna, kada ya raina takardar ajami. In kuwa nasa soja ne cikin runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma da aka kai yaƙin Bama, hanyarsa daban ce, lambar soja zai nema, kuma sunayen waɗanda ba a ga gawarsu ba a can suna allon tunawa na Rangun.

Ranar wata Juma'a na buga hotunan biyu a takarda na kai wa Inna. A allon tagullar, ƙarƙashin sunan jirgi, sunan garinsu ne da harafi ɗaya tak, shi ke nan abin da ya rage na sunan da aka raɗa masa. Ta ɗora yatsa a kan harafin ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai ta tambaya wane wata ne a lissafinmu. Na riga na duba, na ce Zulƙida ne, shekara ta 1361. Ta ƙirga da yatsu, ta ce ashe ko Babbar Sallah bai kai ba, alhali Iya ta sha gaya mata cewa a waccan Sallar ta ajiye masa rabonsa na nama soyayye a tukunya har ya ƙare a bakin yara. Limamin masallacinmu da ya zo dubiya ya karanta mata hadisin da ya lissafa wanda ya nutse a ruwa cikin shahidai, ya yi addu'a, muka shafa. Washegari tun da asuba na ji ƙamshin waina daga ɗakin girki. Ta hana jikokinta taɓa tanda, ita da kanta ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta soya, ta cika kwano biyu, ta ce in kai wa almajiran Zango, in kuma faɗa musu sunan wanda za su yi wa addu'a, cikakke, yadda ubansa ya raɗa masa.