Katin GTX 1650 a cikin tsohuwar Dell ɗina, bayan wata takwas

Abokaina uku ke nan suka tambaye ni ko su gyara tsohuwar kwamfutarsu ko kuwa su daure su haɗa sabuwa ta buga gem, toh ni dai gyaran na yi, kuma yau wata takwas ke nan ina amfani da ita kullum, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Tawa Dell OptiPlex 9020 ce, babbar mai tsaye ɗin nan ba 'yar siririyar ba, Landan yus na saye ta, irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallamarwa in sun gama cin moriyarsu. Samfurin 2013 ce, firosesa i5-4570 mai kor 4, ram giga 8, sai had-diski ɗaya mai ƙara kamar ana niƙa barkono. Aikin taifin da zanen katin biki nake yi da ita, kuma a wannan fannin ba ta taɓa ba ni kunya ba. Matsalar ta faro ne ranar da ƙanina ya sa mata GTA V, gem ɗin da ya fito a kwamfuta tun 2015, amma motar na tafiya tana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa, saboda babu katin hoto, wato katin da ke zana hoton gem a allo, a ciki sai ɗan Intel HD 4600 da ke cikin firosesar.

Na ɗauke ta a Keke Napep zuwa wajen wani mai gyara a titin Beirut nan Kano, dattijo ne mai natsuwa, ba ya gaggawar cewa ka sayi kaza. Yana buɗe murfin gefe sai ga ƙurar hunturu ta yi dam a jikin fanka kamar auduga, ya sa bulowa ya hure ta tas a bakin shago, ya cire abin sanyaya firosesa ya nuna min man da ke tsakani ya bushe ya zama kamar ƙanzo. Ya kankare, ya goge da sifirit, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar gero biyu. Sannan ya haska tocilan a jikin akwatin wuta ya ce, “Yallaɓai ka ga nan? Wat 290 ne kawai, kuma babu wayar da za ta ba katin hoto wuta. Duk katin da za ka saya sai wanda ramin madabod kaɗai ke ciyar da shi.” Na ce Malam to a canza akwatin wutar mana, ya ce ba haka kawai ba ne, madabod ɗin wannan samfurin soket mai haƙori 8 gare shi, na kasuwa kuma 24 ne, sai an nemo waya ta musamman mai haɗa su, shi kuma a garin da wuta ke zuwa da ƙarfi ta koma da rauni ba ya son irin wannan haɗe-haɗen.

Wannan maganar ce ta kai ni ga GTX 1650. Ramin madabod iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne, katin kuma daidai nan ya tsaya, Nvidia ta fitar da shi a 2019 da giga 4. Amma a kula don Allah, ba kowane 1650 ne haka ba, akwai masu ramin waya mai haƙori 6 a samansu. Ni na farko da na saya wajen wani ɗan kasuwa irin wannan ne, na tambaye shi har sau biyu ya ce min ba ya buƙatar waya, na kawo gida na ga ramin ƙuru-ƙuru, sai da na yi sati biyu ina zarya, yau ya ce oga ba ya nan gobe ya ce kaya na hanya, kafin ya canza min. Ku juya katin ku duba samansa da bayansa da kanku kafin ku miƙa kuɗi, kuma in na hannu ne a sa shi a kwamfuta a gabanku a buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, a ga sunansa na gaskiya, don akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna a sayar a matsayin sababbi.

Bayan katin na ƙara abu biyu, ram ya koma giga 16 na DDR3, sai SSD, ma'ajiyar nan da ta fi had-diski sauri, mai giga 500 da aka ɗora Windows a kai, tsohon diskin ya zama rumbun ajiya. Wallahi in za a tambaye ni wanne ya fi canza kwamfutar a aikin yau da kullum SSD ɗin zan ce, ba katin ba. Da in na kunna ta sai in je in ɗora ruwan shayi in dawo ba ta gama shiri ba, yanzu kafin in gyara zama a kujera ta buɗe, CorelDraw ma da yake sa ni jira yanzu taɓawa ɗaya ne. Ko ba ka buga gem, in har kwamfutarka na kan had-diski to wannan shi ne kuɗin da ba za ka yi da-na-sanin kashewa ba.

Ɓangaren gem kuma, GTA V a 1080p da setin mai kyau yana tafiya sumul, mafi yawan lokaci kusa da firem 60, wato hoto 60 a daƙiƙa, sai in an shiga tsakiyar gari da cunkoson motoci ya ɗan sauka. PES 2021 ba a magana, har gasa muke yi da yaran unguwa ranar Asabar da hannun gem guda biyu. Katin ba ya ihu, ba ya zafi sosai, ko a watan Afrilu da ɗakin ke zama kamar tanda bai taɓa kashe kansa ba, kodayake duk wata nakan buɗe in hure ƙura. A aikin da aka yi shi dominsa na ba shi takwas cikin goma.

Inda na ga iyakar abin shi ne FC 24, gem ɗin ƙwallon ƙafa. Mafi ƙarancin firosesar da kamfanin EA ya rubuta i5-6600K ce, tawa kuma ta girme ta da zubi biyu. Gem ɗin yana buɗewa, ana bugawa, amma lokacin bugun kwana ko in an ci ƙwallo kyamara ta juya kan 'yan kallo sai ka ji ya ɗan riƙe, ya saki, ya sake riƙewa. Na rage setin har ƙasa abin bai tafi ba, da na duba sai na ga firosesa ta cika maƙil ɗari bisa ɗari katin kuma yana zaune yana jiran a ba shi aiki. Ka ga ko da na sa kati mai tsada sau uku a nan ba abin da zai ƙaru. Na koma wajen dattijon nan da niyyar sayen i7-4790, wadda ita ce kusan ƙarshen abin da wannan madabod zai ɗauka, ya girgiza kai ya ce, “Ɗana riƙe kuɗinka, za ta ɗan taimaka amma kor 4 ce ita ma, ka fara tara na sabuwa.” Mutumin da zai ci riba in na saya shi ne ya hana ni, shi ya sa har gobe can nake kai aiki.

Kuma ga wata matsalar da ba ta da alaƙa da gudu. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son Intel zubi na 8 zuwa sama da kuma na'urar tsaro ta TPM 2.0, tawa zubi na 4 ce. Akwai dabarun tsallake sharaɗin, na sani, amma sababbin gem irin Battlefield 6 su ma sun fara neman TPM 2.0 ɗin da kansu, a nan dabara ba ta da amfani.

Wani abokina shi ya zaɓi ɗaya hanyar, ya haɗa sabuwa fil: Ryzen 5 5600 mai kor 6, madabod B550, ram DDR4 giga 16, katin RX 6600 mai giga 8, akwatin wuta wat 550. Na je na buga FC 24 a tasa, gaskiya sama da ƙasa ne, babu riƙewa ko sau ɗaya. Abin da ya kashe ya ninka nawa fiye da sau uku, kuma kowa ya san yadda dala ta yi da kayan kwamfuta tun da aka saki naira a 2023. Abin da ya ba ni mamaki wuta ce, na zata tasa za ta shanye batirin sola nan take, ashe firosesarsa wat 65 ce katin 132, ni kuma 84 da 75, tazarar ba ta kai yadda nake tsoro ba.

In tsohuwar na gabanka kuma gem ɗinka su GTA V ne da PES da eFootball, sa SSD, cika ram, nemi kati mara waya, ka tsaya nan kar ka ƙara ko kwabo. Da yau zan saya ma zan fara tambayar RTX 3050 mai giga 6 da ta fito a 2024, ita ma wat 70 take ci ba ta son waya, amma ban da mai giga 8 ɗin don ita sai da waya. In kuwa ba ka da kwamfutar tun farko, ko ranka na kan sababbin gem, kar ka sayi tsohuwar ofis don ka gyara, tara kuɗin ka yi irin na abokina ko a hankali ne.

Ni yanzu na shiga adashi, kwasata na zuwa bayan Babbar Sallah, madabod da firosesa da ram da akwatin wuta zan fara saya. SSD ɗin da katin 1650 za su bi ni sabon gida su riƙe ni kafin in samu na babban kati, ram ɗin DDR3 ne kawai ba zai shiga ba, shi zai zauna a Dell ɗin, ita kuma in nema mata ƙaramin SSD ta koma shago ta ci gaba da taifin da katin biki.