Rocky Balboa ko Sultan: wa ya fi cika ɗan wasa?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: tsakanin Rocky Balboa na finafinan Amurka da Sultan na fim ɗin Indiya, wanne ne gwarzo? Ni dai Rocky na zaɓa, ko da yake na san masoya Salman Khan, wanda ya fito a matsayin Sultan, sun fi yawa a cikinmu kuma ba za su ji daɗi ba.

Mu fara da kambu, don a nan Sultan ya yi wa Rocky fintinkau. A fim ɗin 2016 Sultan Ali Khan mutumin jihar Haryana ta Indiya ne mai sana'ar haɗa wa mutane dish, wanda bai taɓa shiga filin kokawa ba sai da soyayyar wata 'yar kokawa mai suna Aarfa ta ja shi, kuma a lokacin ya riga ya girma. Kafin ka ce kwabo ya ci gasar jiha, ya ci zinare a wasannin Commonwealth na 2010, ya ci na Olympics a Landan a 2012, ya zama zakaran duniya. Rocky kuwa, a fim ɗin 1976, ɗan dambe ne na unguwa a Filadelfiya, bahago, mai shekara 30. Ya yi wasa 64, ya ci 44 an cinye shi 20. Damben da aka buɗe fim ɗin da shi, shi ya ci, amma bayan an zaftare kuɗin ɗakin canza kaya da haraji dala 40 da 'yan canji aka miƙa masa. Abincinsa yana fitowa ne daga karɓar bashi wa wani mai ba da rance da ruwa.

To amma wannan tarin kambun shi ne raunin Sultan a wurina. Kokawa ba a koyonta da girma a je a kayar da duniya. 'Yan kokawar Haryana tun suna yara ake shafa musu ƙasa a jiki, kuma duk da haka har yau Indiya ba ta taɓa cin zinaren kokawa a Olympics ba. A Landan ɗin da aka ba Sultan zinare, azurfa Sushil Kumar ya samo, Yogeshwar Dutt kuma tagulla. Fim ɗin ya ba mutum ɗaya a 'yan shekaru abin da ƙasa guda take nema tun da daɗewa.

Rocky kuwa daga ƙasa aka ɗauko shi. A watan Maris na 1975 wani ɗan dambe da ba a sa shi a lissafi ba, Chuck Wepner, ya kai Muhammad Ali har turmi na 15 kafin a tsayar da wasan, kuma wannan damben na cikin abin da ya zaburar da Sylvester Stallone ya rubuta labarin. Shi ya sa burin Rocky ya zo daidai da ƙarfinsa. Daren jajibirin karawarsa da zakaran duniya Apollo Creed ya gaya wa budurwarsa Adrian cewa ya san ba zai ci ba, abin da yake so kawai a kaɗa ƙararrawar ƙarshe yana tsaye, don babu wanda ya taɓa kai Creed ƙarshen wasa. A turmin farko ya kai zakaran ƙasa. An fasa masa hancin da yake alfaharin ba a taɓa fasawa ba. Idonsa ya kumbura ya rufe, ya ce wa mai horar da shi, Mickey, a tsaga fatar don ya gani. Turmi 15 suka cika, alƙalai suka rabu, aka ba Creed. Jarumin fim ya faɗi wasa, kuma fim ɗin ya ci Oscar na gwarzon fim.

Idan ƙwarewa zalla ake magana, Rocky ma ba shi ne gwanin finafinansa ba. Apollo ne. Shi ke da ƙafa da ido da saurin hannu, Rocky kuwa da fuska yake tare naushi. Sai da Clubber Lang ya lallasa shi a fim na uku, a 1982, sannan Apollo ya koya masa motsi. Wannan ma na lissafa shi a cikin kirkin Rocky: zakara ne da ya yarda ya koma ɗalibin tsohon abokin gabarsa.

Inda Sultan ya taɓa ni shi ne bayan faɗuwarsa, kuma faɗuwar ba a fili ta same shi ba. Girman kai ya sa ya tafi gasar duniya matarsa Aarfa tana gab da haihuwa. Jaririn ya zo yana bukatar jini irin na ubansa, wanda ke da wuyar samu, uban ba ya nan, yaron ya rasu. Shekaru bayan haka, da zai koma fagen faɗan keji don tara kuɗin gina wurin ajiye jini da sunan ɗan, akwai wurin da ya tuɓe riga gaban madubi, ya kalli tumbin da ya ajiye, ya fashe da kuka. Wannan minti ɗayan ya fi duk zinarensa gaskiya. Sai dai kuma daga nan fim ɗin ya koma halinsa: ɗan kokawar da jiki ya mutu ya koyi sabon salo cikin ɗan lokaci, ya shiga wasan ƙarshe da karyayyen haƙarƙari, ya kayar da Marcus, wanda Tyron Woodley na gasar faɗan keji ta UFC ya fito a matsayinsa.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai a labarin. Aarfa ce 'yar kokawa ta asali, 'yar mai horarwa, wadda ta tashi da burin Olympics tun kafin Sultan ya san menene kaye. An zaɓe ta, ciki ya zo, ta haƙura ta bar masa fili. Da za a saka ta a wannan kwatancen, sama da mijinta zan ɗora ta.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kofi kake ƙirgawa ka ɗauki Sultan. Ni ina duba wanda aka nuna mini yadda ya sayi kowane turmi da jikinsa, har a 2006 da ya dawo da tsufansa ya kara da Mason Dixon, ya kai ƙarshe, alƙalai suka sake ba abokin karawarsa.