Tsohuwar jitar jaz mai fankon ciki: wacce za ta jure hunturun Katsina?

Duk wanda ya taɓa mance gurmi ko garaya a rana ya san abin da zafi ke yi wa ƙwarya da fata. Jitar jaz mai fankon ciki ma ba ta fi ƙarfin wannan ba, don akwati ce ta siririn katako da aka haɗa da gam. Masu ƙera ta suna son ta zauna inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa a Katsina, daga Disamba zuwa Fabrairu leɓen mutum ma tsagewa yake, balle katakon da ya haura shekara sittin. Saboda haka kafin ka tambayi shekarar ƙira, fara tambayar da me aka yi fuskarta, wato allon gabanta.

Iri biyu ne. Akwai wadda aka sassaƙa fuskarta daga katako tsantsa, irin Gibson L-5 CES da ta fito a 1951, wadda makaɗin jaz Wes Montgomery ya yi suna da ita. Muryarta da daɗi, ko ba a jona ta da wuta ba tana magana. Amma irin wannan katako yana tsukewa da rani, ya kumbura da damina, wata rana ka buɗe akwati ka tarar da tsaga. Ga tsada, ta shekarun 1950 dubban daloli ce masu yawa. In ba ka da ɗakin da za ka iya tsare danshinsa, ni dai ba zan ce ka saya ba.

Ta biyun ita ce wadda aka manne falle-fallen katako aka matse su. Sarauniyarsu ES-175, wadda kamfanin Gibson ya fitar a 1949 kan dala 175, daga nan ma ta samo sunan. Joe Pass da Jim Hall da Herb Ellis duk sun riƙe ta. Wasu kan raina ta, wai katakon araha ne. A wurinmu wannan ne ma amfaninta: falle-fallen suna riƙe juna, ba ta saurin tsagewa, kuma ba ta kai L-5 saurin yin kuwwa ba idan aka ƙure sifika. Sautinta gajere ne mai kauri, irin wanda kunne ya saba ji a tsofaffin fayafayan jaz.

A nan ma sai an kula da fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya. Kafin 1957 fikof mai suna P-90 ake sa wa ES-175. Yana da kaifi da tsabta, sai dai yana kwaso gurnanin wuta, kuma wanda ke kiɗa da janareta a gidan da wayoyinsa ba su da kyau zai ji shi sosai. Daga 1957 aka koma humbucker, wanda aka ƙirƙira don ya kashe wannan gurnani. ES-125, ƙanwarta mai sauƙin kuɗi, P-90 gare ta, haka ma siririyar ES-330 ta 1959 da Grant Green ya kaɗa.

Idan kuma jitar za ta riƙa zuwa ɗakin biki ne tare da ganguna, duba ES-335 ta 1958. Ba fanko ba ce zalla, akwai gungumen katako a tsakiyarta, shi ya sa take jure ƙara. Zaƙin ya ɗan ragu, amma ba za ta kunyata ka a gaban jama'a ba.

Ni da kuɗina, ta Jafan zan nema. A shekarun 1970 kamfanin Ibanez ya yi jitoci masu siffar ES-175 da aiki mai kyau, sannan a ƙarshen shekarun ya fitar da GB10 ta George Benson, ƙarama, mai sauƙin runguma. Kuɗinsu bai kai na Gibson ba, kuma ko hunturu ya taɓa ta ba za ka kwana kana juyi ba.

Tunda galibi ta hannun ɗan'uwa da ke waje ko dillalin Legas za ta zo, kada ka yarda da hoton gaba kaɗai. A ɗauko maka bayan kan wuya, inda Gibson ta fi karyewa, da mahaɗar wuya da jiki. A haska cikinta ta ramin fuska a ga ko sandunan da ke tallafe fuskar sun ɓamɓare, don in suka saki sai fuskar ta lotsa. A kuma gwada ƙarfen cikin wuya a ga yana juyawa. Waɗannan gyare-gyare ba na kafintan unguwa ba ne, komai iya hannunsa. Wani abu kuma: tsofaffin Gibson da yawa suna da katakon rosewood na Brazil a allon yatsu, wanda yarjejeniyar CITES ta kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa ta tsaurara fataucinsa tun 1992, don haka a nemi takarda kafin a ɗauko.

In ta iso, kada ka rataye ta a bango don ado, kada kuma ka bar ta a bayan mota da bazara. Ta zauna cikin akwatinta a rufe. Da hunturu ka jiƙa soso, ka matse shi sosai, ka sa a gwangwanin sabulu mai huji ka ajiye kusa da kanta, ka riƙa duba shi duk bayan kwana biyu ko uku.