Tashi daga Jekadafari zuwa Tumfure: kanta rana ɗaya ko a-kori-kura sawu-sawu?

'Yar uwa, kin ce kuɗin hayarku na gidan Jekadafari a garin Gombe zai ƙare ƙarshen wata, kun kama wani a Tumfure mai ɗaki biyu da falo, amma ke da maigida kun kasa daidaitawa. Shi yana son a ɗauko kanta, wato babbar motar ɗaukar kaya, a kwashe komai rana ɗaya, ke kuma kina ganin ɗiba kaɗan-kaɗan da a-kori-kura da Keke Napep zai fi sauƙi ga aljihu. To ga abin da na gani.

Kafin a zo maganar kuɗin mota, ki fara duba kwana nawa makullan gidajen biyu za su yi a hannunku tare. In mai sabon gidan ya riga ya ba ku makulli, tsohon kuma da sauran sati biyu ko uku, ɗiba sawu-sawu abu ne mai yiwuwa. In kuwa ranar da za ku karɓi wannan ita ce ranar da za ku miƙa wancan, ai magana ta ƙare, maigidanki ne da gaskiya.

Ta fuskar kuɗi, a-kori-kura tana da ruɗi. Kuɗin sawu ɗaya ba ya tayar da hankali, shi ya sa ake ganin araha ce. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowane direba lissafin zuwa da dawowa yake yi, kuma Tumfure ba kusa ba ce daga cikin gari. Ki ƙirga da kanki: gado da katifu sawu ɗaya, kujerun falo sawu ɗaya, sif da madubi, firij da kayan kicin, sannan buhunan masara da shinkafa da turmi da jarkoki. Kafin ki ankara kin yi sawu biyar, kowanne kuma da 'yan dakonsa a nan da can. Kanta sau ɗaya ake ciniki, sau ɗaya ake biyan masu loda. Sai dai kuɗin a dunƙule yake, a daidai lokacin da aka gama biyan hayar shekara da la'adar dillali. Wanda albashi bai shigo masa ba, wannan kaɗai na iya sa shi ya zaɓi ƙaramar mota, kuma ban ga laifinsa ba. Ko wacce kuka ɗauka, a yi ciniki a fili tun a tasha: kuɗin ya haɗa da lodi da saukewa, ko na mota ne kawai? Rigimar da ake yi a ƙofar sabon gida, maƙwabta na leƙe, kusan duk daga nan take tasowa.

Sai maganar lungu, wadda mutane ke mantawa. Tsofaffin unguwanni irin Jekadafari da Bolari da Herwagana akwai lungunan da kanta ba ta shiga. In ta tsaya a bakin titi, kowane kaya sai an ɗauke shi a ka ko a kura har wajenta, kuɗin dako ya ƙaru, aikin awa biyu ya koma na wuni. A nan a-kori-kura ta yi mata fintinkau, don tana iya zuwa har bakin zaure. A can Tumfure kuma matsalar ta juya. Da an sauka daga kwalta, layuka da yawa yashi ne, ga kwarurrukan da ruwa ke ci wa Gombe duk damina. Babbar mota mai nauyi in ta kafe, sai an sauke rabin kayan kafin ta fita. Maigida ya ɗauki direban a babur ya nuna masa ƙofar gidajen biyu kafin a ba shi ko sisi.

Inda nake jin kanta ta fi nesa ba kusa ba shi ne lafiyar manyan kaya. Sif da gadajen da ake yi wa amare yanzu yawanci na katakon nan ne da aka matse, ba ya son ruwa, ba ya son jijjiga. In aka ɗora sif a tsaye bayan a-kori-kura aka ɗaure da igiya, kowane rami yana sassauta kusoshinsa, ƙofa ta karkace, madubi ya tsage daga kusurwa. Ki kira kafinta kwana ɗaya kafin tashi ya kwance su. Kusoshin kowane abu a ƙulle su a leda daban, a manna ledar a jikin katakonsa, don in aka haɗa na gado da na sif wuri ɗaya kafintan zai wuni yana gwaji. A cikin kanta ana jera allunan a jingine, a sa katifa tsakani, a kwantar da madubi cikin bargo. Firij kuma a kashe shi tun daren da za a wayi gari a tashi, ƙanƙara ta narke, a ɗauke shi a tsaye, in an isa a bar shi ya huta wasu awanni kafin a jona, saboda man injinsa ya koma mazauninsa. Tukunyar gas a rufe ta, a cire tiyo, ita ma a tsaye. In cikin damina ne, musamman Agusta, kar ki yarda da motar da ba ta da tamfol.

Amma akwai kayan da ba na so su ga cikin kanta ko kaɗan. Tangaran, kuloli masu gilashi, talabijin, batirin sola. Waɗannan aikin Keke Napep ne, kina zaune kusa da kwalin. Ki nemi kwalayen taliya da na sabulu wajen mai kantin unguwa, ki naɗe kowane faranti da tsohon zani ko jarida, ki jera su a tsaye, ki rubuta a jikin kwalin abin da ke ciki. Sarƙa da 'yan kunne, takardun makaranta, katin asibitin yara da rasit ɗin haya kuwa, a jakar hannunki. Ranar tashi hannaye sun yi yawa, kuma ba kowa kika sani ba.

Na san wani dalilin da bai fito a tambayarki ba, amma yawancinmu mata muna da shi: ba a son unguwa ta tsaya tana ƙirga kayan ɗaki. Ɗiba kaɗan-kaɗan kamar yana rufa asiri, alhali sati guda za a yi ana ganinki. Kanta in ta zo bayan sallar asuba, kafin hantsi an gama. Ga yara kuma, sati guda tukunya na can murhu na nan, ba ƙaramar wahala ba ce, balle ana zuwa makaranta.

Da ni ce ke, tunda ƙarshen wata ya matso, zan roƙi makulli ko da kwana uku kafin lokaci. Ranar farko a share, a yi feshin kyankyasai da kuɗin cizo gidan na wayam, a canza kwaɗo. Rana ta biyu in kai masu fashewa a Keke sawu biyu. Ta uku kanta ta kwashe sauran, in dai lungunku ya yarda. Jaka ɗaya a ware ta daban, a sa gidan sauro, fitila, buta, tabarma da kayan makarantar yara, ita ce ta ƙarshe a shiga mota.

Ranar da kuka je sharar nan, ku duba mitar wuta. In mai kati ce, a tabbatar babu tsohon bashi a kanta, in kuma takarda kamfanin wuta na JED ke kawowa, a nemi ganin ta ƙarshe a gaban mai gidan, a ɗauki hotonta. Ki tambayi maƙwabciya ko ruwan famfo na dam ɗin Dadin Kowa na zuwa layin, in ba ya zuwa ta haɗa ki da mai ruwan da suke saye, ya cika miki randa da jarkoki tun kafin kayan su iso.