Gargaɗi: mai tallar tsohuwar kyamara a Facebook ya ci mini naira 320,000

'Yan'uwa masu harkar hoto a Sakkwato, ku yi hattara. Naira 320,000 wani azzalumi ya ci mini, kuɗin da na tara da ɗaukar hoton biki da suna.

Babbar kyamarar hoto mai amfani da fim nake nema, mai cin fallen fim inci 4 da 5, don in ɗauki tsofaffin gine-ginen wajen Hubbaren Shehu. Sabuwar Intrepid ta Ingila ita ce mai sauƙi, amma ba ta zuwa da gilashin gaba, ga canji ga kuɗin kwastan. Sai ga wannan mutumin da Crown Graphic ta Amurka, wai ta mahaifinsa ce, yana Legas.

Kar wani ya ce ban bincika ba. Na bincika! Na tambaye shi bambancinta da 'yar uwarta Speed Graphic, nan take ya ce ita Crown ba ta da labulen ɗauka na baya (mai buɗewa ya rufe don haske ya faɗa kan fim), shi ya sa ta fi shafal. Gaskiya ya faɗa. Ya turo bidiyo yana haska tocila cikin zugazuginta, wato fatar nan mai naɗewa da ke tsakanin gaba da bayan kyamara, a ɗaki mai duhu, ko ɗigon haske bai fita ba. Ya ce, "Malam, kayan marigayi ne, wanda zai riƙe ta da daraja nake nema." Maganar nan har yanzu tana yawo a kaina. Kayan marigayi. Wa zai ji haka ya yi zaton ƙarya?

Kwalin da na karɓa a tasha, gangar jiki ce kawai. Babu gilashin gaba, na baya da ake saita hoto ya tsage gida biyu, fatar zugazugin tana marmashewa a yatsuna. Kafin nan ma ya karɓi 20,000 wai na direba, bayan 300,000 ɗin farko. 320,000 ke nan cif. Ashe tun ranar da ya ce kaya sun taso ya daina ɗaga waya, na ɗauka matsalar sabis ce. Yanzu ya toshe ni ko'ina.

Kayan marigayi! Allah ya isa tsakanina da shi.

Kada ku tura ko sisi sai wani naku ya riƙe kyamara a hannu ya ji ƙarar ɗaukarta. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi suna nan, da na dawo daga banki zan saka su duka.