Kwamfutar wasa mai kiran A B C ko haruffan hannu?

'Yar'uwa mai tambayar wanda za ta saya wa yaronta ɗan shekara huɗu, tsakanin 'yar kwamfutar wasa mai kiran A B C da kwalin haruffan da ake ɗauka da hannu: Allah ya raya mana shi, ki ɗauki haruffan.

Karatu haɗa baƙi ne, ba haddar sunayen haruffa ba. Yaro zai rera miki A B C har Z ba gargada, ki ajiye masa kalma mai harafi uku ya yi tsuru-tsuru yana kallon ki. Abin da ya jawo haka, sunan harafi daban, sautin da yake fitarwa cikin kalma daban. A Turanci sunan m shi ne "em", amma cikin kalma "mmm" yake yi. Yaron da aka ɗora kan suna, in ya ga mat zai ce "em, ei, ti", kuma ko da gudun tsiya ya faɗe su, mat ba za ta fito ba. Harafin w ma ya fi ban haushi, sunansa "dabilyu" babu sautinsa a ciki ko kaɗan. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kusan 44, shi ya sa suna kaɗai ba ya kai yaro ko'ina.

Kwamfutar wasan nan galibi suna take koyarwa, kuma da manyan baƙaƙe, alhali abin da yaro zai gani a shafin littafi kusan duka ƙananan baƙaƙe ne. Lasifikarta ƙarama ce, f da s suna fitowa kamar abu ɗaya, m da n ma haka, in batir ya fara sanyi sai muryar ta koma gunaguni. Babbar matsalarta ita ce tana magana amma ba ta ji. Yaro ya faɗi daidai ko ya faɗi kuskure, tafi ɗaya za ta yi masa. Tana hana shi rigima na ɗan lokaci, kuma waƙar tana koya masa jerin haruffa wanda zai yi masa amfani nan gaba wajen duba ƙamus. Iyakarta ke nan.

Haruffan hannu kuwa, ga yadda suke aiki. Ki zauna kusa da shi, ba gabansa ba, don kada ya ga haruffan a juye. Ajiye m a hagu, a a dama, tazarar tafin hannu tsakaninsu. Ya ɗora yatsa kan m yana jan "mmmm", kada ya yanke numfashi, ya tura ta a hankali har ta taɓa a: "mmmaaa". Ya zama ma. Ki sake ba shi wata m da wata a ya yi haka, ya matso da gaɓoɓin biyu wuri ɗaya. Zai ce "ma... ma", ya ɗan yi shiru, ya maimaita da sauri, sai ya ɗago kai ya dube ki don ya ji kalmar da ya sani ta fito daga bakinsa. Kada ki riga shi faɗa, wannan shirun shi ne aikin. Daga nan ki zare m ta farko ki sa k, ya karanta kama. Ki zare ɗaya m ɗin ki sa wata k, ya karanta kaka. Kati ɗaya ya canza, kalma ta canza, kuma da hannunsa ya ga hakan ya faru. Babu maɓallin da zai nuna masa wannan. Ba sabuwar dabara ba ce, Maria Montessori da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907 ta yi aiki da haruffa masu kaushi da yara ke bi da yatsa, da kuma haruffan da ake jerawa a haɗa kalma tun kafin hannun yaro ya iya riƙe fensir da kyau.

Sai dai ba kowane kwalin haruffa ne zai yi miki ba. Ki nemi ƙananan baƙaƙe, masu tsawon santimita 4 zuwa 5, kuma kowane harafi ya zo fiye da ɗaya. Kwalin da ke da guda ɗaiɗai 26 kayan ado ne, ko mama ba za ki iya rubutawa da shi ba. Ki duba siffar a da g, su kasance irin na rubutun hannu, a mai zagaye da sanda, don ita yaro zai rubuta. In Hausa za ki fara da ita, da wuya ki sami ɓ, ɗ, ƙ da 'y a kwalin kasuwa, dole ki ƙara su da kanki. Gaskiya ma na kwali da aka yanka a gida ya fi yawancin na saye. Ki yanka kati santimita 5 faɗi, 7 tsawo. Wasula da jan maka, baƙaƙe da baƙi ko shuɗi. Kowane baƙi kati biyu, kowane wasali uku, harafin a kuma biyar saboda ita ta fi yawo a Hausa. Tagwayen baƙaƙe irin sh da ts a rubuta su a kati guda, don sauti guda ne. A ƙasan kowane kati ki ja layi, yaro ya san nan ne gindi, in ba haka ba n za ta koma u, d ta koma p. Ki naɗe su da salatif mai faɗi, za su jure yawu da lanƙwasa.

Ki fara da harshen da yake magana da shi. In Hausa ce, kin yi sa'a, domin rubutun Hausa kusan kowane harafi sauti ɗaya yake riƙe da shi, wasula biyar ne kacal, kuma yawancin gaɓoɓi baƙi ne da wasali. Yaron da ya gane haɗa baƙi a harshe ɗaya ba sai ya sake koyon dabarar a na biyu ba, sababbin sautuka kawai zai ƙara. Abin da ba a so shi ne cakuɗa biyun a zama ɗaya. Sunan harafin e a Turanci shi ne sautin i na Hausa, sunan a ya fi kama da e ta Hausa, sunan i kuma "ai". Ga c, wadda a kalmar ci ta Hausa take yin abu ɗaya, a cat ta Turanci ta yi wani. Babba ma sai ya rikice, balle ɗan shekara huɗu.

Kada ki bi jerin a, b, c, d. Ki zaɓi haruffan da ke haifar da kalma da wuri. A Hausa a, m, k, n, i sun isa ya karanta mama, kaka, kama, kana, kina, ina, mana, nan, har da 'yar jimla kamar "ina kaka". Ki ƙara u da b, sai ga baba, babu, kuma, baki, uku, muna. Haruffa biyu a mako sun wadatar a shekarunsa. Zama kuma minti goma a rana: biyu na bitar tsofaffi, uku na sabon harafi yana bin siffarsa da yatsa a kan tire mai yashi yana faɗin sautin, biyar na haɗa kalmomi. Wata rana ki juya wasan, ke ki faɗi kalma shi ya nemo katunan ya jera, wannan shi ne tushen rubutu. Da zarar ya fara mutsu-mutsu ki tattara, ko minti shida aka yi. Goma kullum ta fi awa guda ranar hutu nesa ba kusa ba.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne b, d, ɓ, ɗ. Huɗun nan sanda ce da zagaye, bambancinsu inda zagayen ya fuskanta da 'yar ƙugiyar sama. Kada biyu daga cikinsu su shigo a mako ɗaya. Ki ba b mako uku ta zauna daram kafin d ta zo, masu ƙugiya kuma su zo daga baya, kowacce da abokiyar gwajinta: bari da ɓari, baki da baƙi, kafa da ƙafa. Ya ji bambancin da kunne tukuna, sannan ki nuna masa ƙugiyar. Juya b da d abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai, ba dalilin tsawa ba ne.

In lokacin Turanci ya yi, manhajar da gwamnatin Ingila ta fitar a 2007 ta fara ne da s, a, t, p, i, n, waɗanda ke ba da sat, pin, tap, sit, nap, pan. A nan ke ce za ki kula da bakinki. Harshenmu ya saba jingina wasali ga kowane baƙi, sai ki ji an ce "sa, a, ta", yaro ya haɗa ya sami "sa'ata". Ki ja s kamar hucin maciji, "sss", t kuma ki datse ta gajeriya ba tare da murya ba. Sai p da f, waɗanda Hausa ba ta raba su. Riƙe 'yar takarda gaban leɓe: a p leɓuna biyu suna rufewa su fashe, takardar ta yi tsalle, a f haƙoran sama ne ke kan leɓen ƙasa, iska na fita a jere.

Akwai gwajin da zai nuna miki ko karatu yake ko hadda. Tun 2012 ake yi wa 'yan wajen shekara shida a Ingila gwajin kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana. Ki kwaikwaya a gida, ki jera masa numi ko kibu. In ya haɗa su, ya gane. In ya kalli harafin farko ya harbo wata kalma da ya sani, cinta yake yi, ki koma baya ku ƙara jan sauti. In kuma bayan wata biyu har yanzu ba ya iya gaya miki da wane sauti sunansa ya fara, ki ajiye katunan ku yi wasan baki zalla, sannan a kai shi a duba masa ji, musamman in yana yawan ciwon kunne.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa, musamman a intanet. Duk wanda ya ce kayansa zai sa yaro karatu cikin mako guda, kuɗinki yake so. Wasu suna ɗora hoton manyan haruffa masu kauri, kaya ya iso ki ga 'yan mitsi-mitsi, ko a rubuta "guda 52" ashe manya 26 ne da ƙanana 26, babu maimai ko ɗaya. Ki ce a ɗauko miki hoton kayan a kan tafin hannu, a kuma ƙirga miki harafin a guda nawa ne a ciki. In masu maganaɗisu ne, ki sa farce ki gwada ƙwaƙulo shi. Wanda aka liƙa ɗan dunƙulen maganaɗisu a baya da gam yana faɗowa, kuma in yaro ya haɗiye biyu suna iya manne wa juna ta bangon hanji su huda shi. Wanda bayansa duka shimfiɗar maganaɗisu ce mai laushi ya fi aminci. In akwai ƙani da bai kai shekara uku ba a gidan, duk abin da zai shige ramin da faɗinsa santimita 3 ne da ɗoriya kada ya zauna a ƙasa. Idan kuma wani ya riga ya kawo muku kwamfutar wasan kyauta, ki juya bayanta ki tabbatar murfin batirin da noti aka ɗaure shi. Ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga yana iya ƙona maƙoshin yaro cikin awa biyu, in an haɗiye shi asibiti ake nufa nan take, ba a jira a ga alama.