Kafin ka kashe kuɗi don karanta tsohuwar rajistar baftisma ta Latin

Mai neman asalin danginsa a ƙasashen Katolika irin su Ayilan, Foland ko Italiya, ko ba jima ko ba daɗe sai ya ci karo da Latin. Tun 1563 taron Trent, wato babban taron shugabannin cocin Katolika, ya wajabta wa kowane limamin coci rubuta sunayen waɗanda ya yi wa baftisma, a 1614 kuma Roma ta fitar da tsarin rubutun. Wannan ne ya sa jimlolin kusan iri ɗaya ne ko'ina, kalmomin ma ba su da yawa.

Saboda haka ban ba kowa shawarar ya fara da sayen babban ƙamus irin na Lewis da Short ba. Don Latin na zamanin Rumawa aka yi shi, yana da tsada, kuma ba ruwansa da yadda limamin cocin ƙauye ke gutsure kalmomi yana sauri.

A fara da na kyauta. Shafin intanet na FamilySearch na da jerin kalmomin Latin na masu binciken dangi, kuma ya wadatar ga yawancin shafuka. Baptizatus est na nufin an yi wa namiji baftisma, baptizata est kuma mace. Natus ko nata ranar haihuwa yake nunawa, filius legitimus ɗan da aka haifa ta hanyar aure, patrini ko sponsores kuwa iyayen baftisma, wato waɗanda suka tsaya wa yaron a wajen baftisma. Waɗannan na ƙarshe kada a raina su, sau da yawa kawu ne ko gwaggo, kuma ta kansu ake kamo wani reshe na zuri'a.

Inda ake shan wuya shi ne gajarce-gajarce. Wanda ya ga 7bris zai ɗauka watan bakwai ne, alhali Satumba ake nufi. 8bris Oktoba, Xbris Disamba. Eodem die kuma yana mayar da kai ga ranar da aka rubuta a layin sama. A nan ƙamus ɗin Cappelli, wanda ya fara fitowa a 1899, ba shi da na biyu, don yana nuna siffar gajarcewar kamar yadda hannu ya zana ta. Akwai shi kyauta a intanet, sai dai bayaninsa da Italiyanci ne. In takardun Ingila ko Ayilan kake bi, The Record Interpreter na Charles Trice Martin ya fi dacewa, musamman jerin sunayensa: Jacobus shi ne James, Gulielmus kuwa William. Idan littafi ɗaya za ka saya, wanda zai koya maka nahawu ya fi cancanta, kamar Latin for Local History na Eileen Gooder. Dalili kuwa, ƙarshen suna yana sauyawa. Joannes, wato John, shi ne yaron, amma filius Joannis ɗan John ne, kuma wanda bai san haka ba zai iya mayar da uba ɗa.

Google Translate yana karɓar Latin, amma sai ka riga ka karanta rubutun ka cike gajarcewar da kanka. Manhajar Transkribus na ƙoƙarin karanta rubutun hannu. Kan shafi mai tsabta yana taimakawa, kan tawadar da ta dushe kuwa dole ka bi bayansa layi-layi.

Ƙwararren mai fassara shi ne mafi tsada, kuma yana da ranarsa: takardar da hukuma za ta gani, ko dogon bayani a gefen shafi game da aure ko izinin auren zumunci. Kafin ka biya, tura masa hoton shafin gaba ɗaya, ka kuma nemi ya ba ka kwafin Latin ɗin tare da fassarar. Hotunan ma ba lallai ka saya ba: tun 2015 Ɗakin Karatu na Ƙasa na Ayilan ya sa rajistocin Katolika a intanet kyauta, shafin intanet na Matricula kuma na da na Ostiriya da sassan Jamus.